Sandar RAM ta zauna a gurbinta, amma tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi

"Malam, barka da aiki. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai furosesa Core 2 Duo E8400, kuma a jikin babban allonta (motherboard) an rubuta G41. RAM ɗinta DDR3 ce mai 2GB a gurbi ɗaya, ɗaya gurbin kuma babu komai. Na sayo sabuwar sanda mai 4GB, DDR3-1600, ta shiga daidai ba tare da na tilasta mata ba, amma da na kunna sai fanka ta riƙa juyawa, monita kuwa baƙi ƙirin. Na cire tsohuwar na bar sabuwar ita kaɗai, duk ɗaya. Da na mayar da tsohuwar ita kaɗai sai kwamfutar ta tashi lafiya lau. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mun gwada sabuwar a kwamfutar abokina mai Core i5, ta yi aiki. Wanda ya sayar mini ya ce DDR3 ai DDR3 ce, allona ne ya lalace. Shin allon ne, ko saurin 1600 ne ya fi ƙarfinsa? Wace iri zan nema?"

Ɗan'uwa, ka kyauta da ka yi waɗannan gwaje-gwaje kafin ka rubuto, domin sun rage mana rabin aikin. Idan na fahimce ka daidai, abin da kake tambaya shi ne yadda sanda mai lafiya, wadda sunanta ya dace da abin da allo yake nema, kuma ta zauna daram a gurbinta, za ta hana kwamfuta mai lafiya tashi. Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar allonka ya lalace ba, sandar ma ƙalau take, kuma saurin 1600 ba shi ne na fara zargi ba. Abin da nake zargi shi ne girman ƙwayoyin da ke jikin sandar, wato baƙaƙen 'yan murabba'an nan da ke jere a kanta. Ɗauko ta ka ƙirga su gaba da baya. Idan takwas ka samu, duk a fuska ɗaya, bayanta kuma fili fetal, to mun kama bakin zaren.

Maganar mai sayarwa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai gaskiyar ba ta kai inda ya kai ta ba. RAM, wato ma'adanar da kwamfuta take ajiye abin da take aiki a kansa na ɗan lokaci, zuriya-zuriya ce, kuma ƙungiyar JEDEC ce take tsara ƙa'idojin kowace zuriya domin kamfanoni su bi. Sandar DDR ta farko tana da haƙora 184 kuma tana aiki da wuta bolt 2.5, DDR2 tana da 240 da bolt 1.8, DDR3, wadda ta shigo kasuwa a 2007, ita ma 240 gare ta amma bolt 1.5 take sha. DDR4 ta 2014 kuwa haƙoranta 288 ne, wutarta bolt 1.2. Tun da DDR2 da DDR3 tsawonsu ɗaya, yawan haƙoransu ma ɗaya, sai aka bar wa kowacce giɓi a wuri dabam, aka kuma sa ɗan tudu a cikin gurbi daidai inda giɓin zai faɗa, don kada mutum ya cusa wata a mazaunin wata ya ƙona ta. Iyakar aikin giɓin ke nan. Yana shaida maka cewa zuriya ɗaya ce, amma bai san komai ba game da yadda aka tsara cikin sandar. An shafe shekaru masu yawa ana ƙera DDR3, kuma ƙwayoyin da aka fara da su sun bambanta da waɗanda aka ƙare da su, alhali giɓin yana nan inda yake tun ranar farko.

Wanda yake magana da RAM

Tsakanin furosesa da RAM akwai wani sashe mai sarrafa ta. Shi ne yake kiran adireshi, yake ƙayyade lokacin karatu da na rubutu, kuma shi ne ya san irin ƙwayoyin da zai iya hulɗa da su. A kwamfutocin Intel na zamanin soket LGA775, irin taka, wannan sashe yana cikin babban cif ɗin allo, wanda za ka gani kusa da furosesa an rufe shi da ɗan ƙarfen sanyaya, kuma G41 ɗin da ka karanta sunansa ne. Kamfanin AMD ya mayar da sashen cikin furosesa tun 2003 da Athlon 64, Intel kuma ya bi sahu a ƙarshen 2008 da Core i7 na farko. Abin da wannan yake nufi a wurinka shi ne, ko da ka cire E8400 ka sa Core 2 Quad, iyakar RAM ɗinka ba za ta motsa ba, domin ba furosesan ne ya kafa ta ba. Kwamfutar abokinka kuwa mai sarrafa RAM ɗinta yana cikin Core i5 ɗin, ya kuma fi naka ƙuruciya, shi ya sa ya gane sandar da naka ya kasa ganewa.

Ga lissafin, kuma ina roƙonka ka bi shi a hankali domin shi ne zai raba ka da sake sayen abin da ba zai yi maka aiki ba. Girman sanda da gigabayit ake faɗinsa, girman ƙwaya ɗaya kuma da gigabit, kuma kowane bayit bit 8 ne. Ke nan sanda mai 4GB tana ɗauke da gigabit 32. Ana iya tara wannan adadi da ƙwaya 16, kowacce gigabit 2, takwas a gaba takwas a baya, ana kuma iya tara shi da ƙwaya 8, kowacce gigabit 4, a fuska ɗaya. Da farko tsarin 16 ake bi, amma da fasahar ƙira ta ci gaba sai masana'antu suka koma tsarin 8 saboda ya fi musu sauƙi, har ya zama yawancin sandunan 4GB da aka yi daga baya masu takwas ne. G41 kuwa a 2008 ya fito, kuma ƙwayoyin da ba su wuce gigabit 2 ba aka tsara shi ya sani.

Idan kana son ganin ainihin inda igiyar ta tsinke, sai mu leƙa cikin ƙwayar. Kowace ƙwayar DDR3 tana da rumbu 8, kowane rumbu an raba shi layi-layi, kuma mai sarrafawa yakan kira lambar layi kafin ya ɗauki abin da ke cikinsa. A irin ƙwayoyin da ake jerawa takwas-takwas, mai gigabit 2 tana da layi 32,768 a kowane rumbu, kuma wayoyin adireshi 15 sun isa a kira kowannensu. Mai gigabit 4 tana da layi 65,536, ba a iya kiransu duka sai da waya ta 16. Mai sarrafawar da aka gina a kan 15 ba shi da bakin da zai kira rabin layukan. Abin da zai biyo baya ya danganta da BIOS ɗin allon, wato 'yar manhajar da ke cikinsa wadda take fara tayar da kwamfuta: wani ya tsaya cak tun kafin ya nuna hoto, kamar yadda naka ya yi, wani ya yi ta ƙara, wani kuma ya tashi ya nuna rabin girman sandar ko ya riƙa faɗuwa ana cikin aiki. Tun da matsalar a jikin cif take, sabunta BIOS ba ya magance ta, kuma ban so ka ɗauki kasadar sabuntawa a kan tsohon allo saboda abin da ba zai gyaru ta nan ba.

Ba kullum ne ake samun damar ƙirga ƙwayoyi ba, musamman idan ta intanet mutum zai saya, don haka yana da kyau ka iya karanta takardar da ke manne a jikin sanda. Za ka ga rubutu irin 1Rx8 ko 2Rx8. Lambar farko yawan sahu ce, sahu kuwa shi ne rukunin ƙwayoyin da suke amsa kira tare domin su cika faɗin bit 64. Lambar ƙarshe kuma faɗin kowace ƙwaya ce. Takwas sau takwas 64 ne, saboda haka 1Rx8 ƙwaya 8 ce, 2Rx8 kuma 16. Abin da allonka yake iya ɗauka a 4GB shi ne 2Rx8. Sai dai in ja maka kunne a kan wata magana da ta yaɗu, cewa tsohon allo "mai fuska biyu" yake so, kurum. Wannan gajerar hanya ce da takan kai mutum rami. Sanda mai 8GB 2Rx8 fuska biyu gare ta da ƙwaya 16, amma kowacce gigabit 4 ce, ba za ta yi maka aiki ba. Sanda mai 2GB 1Rx16, mai ƙwaya huɗu rak, ita ma kowacce gigabit 4 ce, ga ta ƙarama amma matsalarta iri ɗaya da wadda ka sayo. A ɗaya ɓangaren kuma, mai 2GB 1Rx8 fuska ɗaya ce, kuma lafiya lau za ta zauna da G41. Ka ninka girman sandar sau 8, ka raba da yawan ƙwayoyinta. Idan amsar ta wuce 2, ka bar ta a inda ka gan ta.

Batun saurin 1600

A hukumance G41 yana tafiyar da DDR3 a 800 ko 1066, ko da yake wasu masu ƙera alluna sun ƙara 1333 ta hanyar tura shi fiye da ƙa'ida. To amma sanda mai sauri ba ta tilasta wa allo gudunta. A jikin kowace sanda akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya, ana kiranta SPD, wadda take ɗauke da bayanin girmanta da saurinta da lokutan jinkirinta. BIOS yakan karanta ta da zarar an kunna kwamfuta, sannan ya zaɓi gudun da duka ɓangarorin za su iya, don haka mai 1600 takan sauko ta yi tafiya a 1066 ba tare da ka taɓa komai ba. Lambobin PC3 da za ka gani a takarda saurin nan ne aka ninka sau 8 aka ɗan daidaita: PC3-8500 ita ce 1066, PC3-10600 ita ce 1333, PC3-12800 kuma 1600. Duk da haka ni PC3-8500 ko PC3-10600 nake nema wa irin allonka, ba don saurin ba, sai don cewa an fi samun tsofaffin ƙwayoyi masu gigabit 2 a cikinsu. Ka kuma kauce wa sandunan 'yan wasan kwamfuta masu rufin ƙarfe, domin rufin yana ɓoye ƙwayoyin da kake son ƙirgawa, wasunsu kuma ba sa kai saurin da aka rubuta musu sai da bolt 1.65.

Akwai harafi ɗaya a ƙarshen lambar PC3 da mutane ba sa kula da shi, alhali shi kaɗai yana iya hana kwamfuta tashi. U ita ce sandar kwamfutar tebur ta yau da kullum, kuma ita kake nema. E sanda ce mai ƙarin ƙwaya ɗaya a kowane sahu domin gyara kurakurai, abin da G41 ba ya amfani da shi. R kuwa ta manyan kwamfutocin saba (server) ce, tana da wata ƙwaya ta musamman da take karɓar umarni ta miƙa wa sauran, kuma allon gida ba ya jin yarenta ko kaɗan, ga shi giɓinta yana wuri ɗaya da na U. An taɓa kawo mini wata kwamfuta mai irin allonka, mai ita ya riga ya ji labarin ƙwaya 16, ya je ya samo sanduna biyu masu 4GB da aka ciro daga tsohuwar saba, yana murna ya dace domin gaba da baya duk cike suke da ƙwayoyi. Da na ɗaga ɗaya zuwa haske na bi da ɗan yatsa, sai na ƙirga tara a kowace fuska, ga kuma wata mai siffa dabam a tsakiya, takardar kuma ta ce PC3-10600R. Ya yi kwana biyu yana cirewa yana mayarwa, har ya karya kunne ɗaya na gurbin, saboda harafi guda. Tun daga ranar nake fara karanta ƙarshen lamba kafin farkonta.

Harafin L a PC3L yana nufin sandar tana iya aiki da bolt 1.35, kuma a ƙa'ida tana karɓar 1.5 ma, don haka wutar ba za ta dame ka ba, sai dai irinta ta zo ne a ƙarshen zamani, galibi da manyan ƙwayoyi. Ka kuma lura kada a ba ka gajeruwar sandar laftof mai haƙora 204, wadda ba za ta ma shiga gurbinka ba.

Abin da zan saya da ni ne

Ka fara da neman cikakken sunan allonka, wanda akan buga da manyan haruffa tsakanin gurabe, ko ka duba shi da manhajar CPU-Z, sannan ka nemi littafin allon ka karanta shafin RAM. Wannan mataki ba ya tsallakuwa, domin allunan G41 ba duka suka zama ɗaya ba: wasu littafinsu ya ce iyakarsu 8GB, wato 4GB a kowane gurbi, wasu kuma 4GB gaba ɗaya. Idan naka mai 4GB ne, ka samo wata mai 2GB, mai ƙwaya 8 ko 16, ka haɗa da wadda kake da ita, kuma a gaskiya wannan ita ce hanyar da ta fi ƙarancin kasada. Idan mai 8GB ne, sanduna biyu iri ɗaya masu 4GB 2Rx8, masu harafin U, su ne ƙololuwar abin da zai ɗauka. Kana kuma iya haɗa sabuwa mai 4GB da tsohuwarka ka samu 6GB. Allon yana da hanya biyu zuwa RAM, kowane gurbi da tasa, kuma idan girman sandunan ya bambanta, 4GB ne za su yi tafiya ta hanya biyu, ragowar 2GB kuma ta hanya ɗaya. A aikin rubutu da burauza ba za ka ji wannan bambanci ba, ƙarin girman ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Haɗa sanduna daga kamfanoni dabam-dabam yakan yi aiki a mafi yawan lokuta, amma ba na ba kowa tabbaci a kansa sai an gwada.

Kafin ka kashe kuɗi, ka duba irin Windows ɗin da ke kan kwamfutar. Idan mai bit 32 ce, adireshin da take iya kira gaba ɗaya 4GB ne, kuma na'urorin allo suna cin wani kaso daga ciki, shi ya sa takan nuna abin da ya ɗan haura 3GB ko da nawa ka sa. E8400 yana iya ɗaukar mai bit 64, amma sauyawar tana buƙatar a sake saka Windows daga farko, don haka ka kwashe muhimman fayilolinka tukuna. Idan kuma sashen sarrafa hoto da ke cikin allon kake amfani da shi, shi ma daga RAM yake ɗibar rabonsa, kada ka yi mamaki idan ka ga abin da ya rage bai kai abin da ka sa ba.

Ranar da za ka saka, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna makunnin kwamfutar na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa sanda, kuma ka riƙe ta ta gefe. Ka fara da gwada tsohuwar sandarka a gurbin da ya daɗe babu komai, domin gurbin da ya shekara da shekaru a buɗe yakan tara ƙura, kuma gara ka san lafiyarsa kafin ka ɗora wa sabuwa laifi. Sannan ka sa sabuwar ita kaɗai, ka danna gefe biyun da manyan yatsu har kunnuwan gurbin su rufe da kansu. Idan kai ne ka jawo su da hannu, akwai yiwuwar sandar ba ta zauna ba. Idan haƙoran sun dushe, ka goge su a hankali da magogin fensir mai tsabta, ka share ɓurɓushin. In ta ƙi tashi, ka cire ɗan batirin CR2032 da ke jikin allon na wasu mintuna don BIOS ya manta tsohon saiti. Idan ta tashi kuma, kada ka ɗauka an gama, musamman da yake sandar da ta dace da kai mai yiwuwa wadda aka taɓa amfani da ita ce. Ka sa Memtest86+, manhajar gwada lafiyar RAM, a filasha ka bar ta ta zagaya RAM ɗin sau da yawa, ni nakan bar ta ta kwana. Kuskure ko ɗaya ne ya isa ka mayar da sandar, saboda RAM mai kuskure tana lalata fayil a ɓoye, sai bayan watanni mutum ya buɗe takardarsa ya tarar ta ƙi buɗuwa. Shi ya sa nake son ka yi sharaɗin mayarwa da mai sayarwa tun kafin ka biya.

Idan kuma nauyin kwamfutar ne ya sa ka neman ƙarin RAM, ka sani cewa tashi daga 2GB zuwa 4GB zai rage shi sosai, amma idan har yanzu faifai mai juyawa ne a ciki, sa SSD, wato ma'adanar da ba ta juyawa, a madadinsa zai sa ka ji sauyi ko da a kan tsohuwar mahaɗar SATA ta wannan allo.

Duk wannan bayani na gina shi ne a kan abin da ka rubuto, ban riƙe sandar a hannuna ba, ban kuma ga allon ba. Idan ka ƙirga ka samu ƙwaya 16, takardar kuma ta ce 2Rx8 da harafin U, to zargina ya faɗi, sai mu koma kan sauran dalilai: ko allon ba ya ɗaukar fiye da 2GB a gurbi ɗaya, ko tsohon BIOS ne da bai iya karanta SPD ɗinta ba (a nan ne kawai sabuntawa take da amfani), ko kuma 'yan gwangwanayen kafasito da ke kusa da guraben sun kumbura, abin da nake yawan gani a allunan da suka kai wannan shekaru. Ka sake sa sandar a kwamfutar abokinka, ka buɗe CPU-Z a shafin SPD, ka kwafo lambar ƙirarta da yawan sahunta, ka haɗo mini da cikakken sunan allonka da layin da ke jikin takardar sandar harafi da harafi, daga nan zan iya faɗa maka ko za ta yi ko sai an musanya ta.